Darasi na 11: Halittar da Ta Kasa Juyawa da Mutumin da Ya Ƙi Juyawa

Karatu: Irmiya 8:4-9; 12:4; 14:1-6
Ayar haddacewa: Irmiya 8:7

Ga mai-koyarwa: A sa mutum uku su karanta wuraren nan da murya kafin a soma bayani. In akwai tsofaffi ko maharba ko masunta a cikin taron, a ba su zarafin magana sa'anda aka kai ga tambayoyi, gama sun ga abin da yara ba su gani ba.

GABATARWA

A garuruwan arewa, sa'anda zafin bazara ya kai matuƙa, manomi ya kan ɗaga kai ya dubi rimi ko tsamiyar da ke tsakiyar gari. Ran da ya ga shamuwa ta sauka tana ɗiban kirare, ya san damina ta yi kusa, sai ya shirya fartanya da iri. Shamuwa ta kan taso daga ƙasashen gabas da kudancin Afirka, ta zo ta yi sheƙa a nan, ta ciyad da 'ya'yanta da fara da ƙwarin damina. Idan ruwa ya ɗauke sai ta koma. Haka tsofaffi suka gan ta tun suna yara.

Zaman shamuwa ya rataya ne ga abu biyu, watau damina ta zo a lokacinta, itacen sheƙa kuma yana nan tsaye. To, in aka sare itacen fa? In damina ta sake lokaci fa? A darasin yau za mu duba abin da ya kan sami halitta sa'anda wurin zamanta ya sake, ita kuwa ba ta iya sakewa tare da shi ba. Wani zai ce wannan zancen malaman makaranta ne, ina ruwan ekklesiya da shi? Amma annabi Irmiya da kansa ya nuna wa jama'ar Allah tsuntsaye da namomin jeji, ya ce su duba su koya. Mu ma za mu duba.

1. ANNABI DA TSUNTSAYE

Irmiya mutumin Anatot ne, wani ƙauye kusa da Urushalima. Allah ya kira shi a shekara ta 13 ta sarautar Yosiya, wajen shekara 627 kafin haihuwar Kristi, ya yi ta annabci shekara 40, har Babilawa suka rushe Urushalima a 586. A zamaninsa duniya tana sakewa da sauri. Nineba, babban birnin Assuriya, ta faɗi a 612, Babila kuwa ta taso. Amma mutanen Yahuda suka zauna kamar ba abin da ya faru. Sun mai da haikalin Ubangiji kamar laya, suna tsammani muddin ginin yana tsaye ba abin da zai taɓa su, ko da suna cutar maraya da gwauruwa (sura 7).

Ƙasar Yahuda tana kan hanyar tsuntsaye masu ƙaura tsakanin Turai da Afirka. Sau biyu a shekara su kan ratsa kwarin Urdun dubbai bisa dubbai, har da wata babbar farar tsuntsuwa, 'yar'uwar shamuwarmu. Irmiya ya girma yana ganinsu. A sura 8 ya kawo misalai daga abin da kowa ya sani. Wanda ya faɗi ya kan tashi. Matafiyin da ya ɓata hanya ya kan juyo. Tsuntsu ya kan kiyaye lokacin tafiya da na dawowa. Jama'ar Allah kaɗai suka sa kai gaba kamar dokin yaƙi da ya ƙwace linzami, ba su san ƙa'idar da Mahaliccinsu ya ɗora musu ba.

Mu da mu ke aikin juya Littafi Mai Tsarki mu kan lura da wata kalma a nan. Da Ibrananci ana ce da ita "shub", ma'anarta juyowa ko komowa, ta fito har sau shida daga aya 4 zuwa 6. Kalmar "tuba" da mu ke amfani da ita, wadda ta zo daga Larabci, danginta ce. Ga annabi, tuba ita ce mutum ya tsaya, ya juya, ya kama hanyar gida. Mu riƙe wannan a zuciya, gama dukan darasin a kan juyawa ya ke.

2. SA'ANDA HAMADA TA CI TAFKI

Domin mu gane abin da sakewar wuri ya kan yi wa halitta, bari mu duba arewa da mu. Sahara ba tun fil azal ta ke hamada ba. Masu bincike sun tabbatar cewa daga wajen shekara 11,000 zuwa shekara 5,000 da suka wuce ƙasa ce mai ciyawa da koguna. A lokacin nan Tafkin Chadi ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, watau ya fi sulusin ƙasar Nijeriya. A shekarar 2000 aka gano wata tsohuwar maƙabarta a Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar. Kusa da kaburburan akwai ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa, da mashin kamun kifi na ƙashi, a wurin da yau rairayi ne iyakar ganinka. A Dabus kuma, arewa da Agadas, mutanen dā sun sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya fi mita 5. Abin da idonsu ya gani suka zana.

Sannu a hankali iskar damina ta rage ƙarfi, ruwan sama ya ja baya zuwa kudu, tafkuna suka ƙafe. Halittun wurin suka kasu uku.

Waɗansu suka yi ƙaura. Giwa da raƙumin dawa suka bi ciyawa zuwa kudu, makiyaya ma suka bi da shanunsu. Sun tsira domin suna da ƙafa, hanya kuma a buɗe ta ke.

Waɗansu suka jure a inda su ke. Har wa yau akwai kadoji a tuddan Tagant na Muritaniya, waɗanda su kan shiga ramuka da kogwanni idan kududdufi ya bushe, su kwanta har ruwa ya dawo. Akwai kuma 'yan kaɗan a wani tafki cikin duwatsun Ennedi na Chadi, a yanke da sauran danginsu. Mun san irin wannan juriya a gida. Gaiwa, idan fadama ta soma bushewa, ta kan nutsa cikin laka, ta naɗe jikinta da yauƙi, ta bar 'yar kafa ta shan iska, ta yi watanni ba ci ba sha.

Sauran suka mutu. Dorina ba ta iya ratsa rairayi na kwana da kwanaki, giwan ruwa kuma ba shi da huhu irin na gaiwa. Suka zauna cikin ruwan da ya rage, ruwan yana ta raguwa, har ya ƙare da su. Ba su yi wani sabon abu da ya jawo musu halaka ba. Abin da suka saba yi, wanda ya rayad da kakanninsu, shi suka ci gaba da yi a wurin da ya riga ya zama wani wuri dabam.

3. DON ME WATA TA IYA, WATA TA KASA?

Kada mu yi tsammani gaiwa ta koyi dabararta cikin rani ɗaya. Allah ya sa bambanci a cikin kowane iri. 'Ya'yan uwa ɗaya ba su kan zama daidai ba, wani ya fi jure zafi, wani ya fi jure ƙishirwa. Idan wuri ya sake, waɗanda halinsu ya dace da sabon zaman su kan rayu su haihu, 'ya'yansu su gaji halin. Bayan tsara da yawa sai a ga irin duka ya sake. Kowane manomi ya san wannan, gama shi ma ya kan zaɓi zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye domin iri.

Amma wannan aiki yana bukatar haihuwa da yawa, nan ne fa halittu suka bambanta. A 1954 aka soma feshin maganin sauro a gidajen ƙasar Birnin Kebbi domin a kawad da zazzaɓin cizon sauro. Kafin 1955 ta ƙare an sami sauron da ɗaya daga cikin magungunan ba ya kashe shi. Sauro ya kan kai haihuwa cikin mako biyu, macen kuma tana zuba ƙwai ɗaruruwa, saboda haka 'yan kaɗan da suka tsira suka cika ƙasa nan da nan. Ku gwada shi da giwa, wadda ta kan ɗauki ciki wata 22, ta haifi ɗa guda bayan shekara huɗu ko biyar. Ku gwada shi da ungulu, wadda ta kan saka ƙwai ɗaya tak a shekara. Kafin irin waɗannan su ga jikokinsu, wurin ya sake sau biyu.

Don haka masana su kan duba abu huɗu in suna so su san ko wani iri zai tsira: saurin sakewar wurin, saurin haihuwar irin, ko akwai inda zai koma, da yawan waɗanda suka rage. Idan sakewar ta yi sauri, haihuwa ta yi jinkiri, hanya ta toshe, garke kuma ya riga ya ƙanƙance, to, irin yana bakin kabari. Bushewar Sahara ta ɗauki ɗaruruwan shekaru, ba kuma gonaki ko birane da suka tare wa namomi hanyar kudu. A zamaninmu sakewa tana zuwa cikin rayuwar mutum ɗaya. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yau zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1, dazuzzuka kuma sun zama gutsattsari a tsakanin gonaki. A 2019 wani babban taron masana na ƙasashen duniya ya ƙiyasta cewa iri wajen miliyan 1 na dabbobi da tsire-tsire suna cikin hatsarin ƙarewa.

4. MISALAI BIYU NA ZAMANINMU

Na fari ɗan tsuntsu ne baƙi da fari, mai cafke ƙudaje a iska, nauyinsa wajen giram 12. Baƙonmu ne, gama ya kan yi rani a dazuzzukan Afirka ta Yamma, har da Nijeriya. Wajen watan Afrilu ya kan ƙetare Sahara zuwa Turai, ya yi sheƙa a kogon itace. Abincin 'ya'yansa tsutsar da ke cin sabon ganye ce, ita kuwa tsutsar 'yan makonni kaɗan ta kan yi da yawa, sai ta wuce. Tun dā tsuntsun ya kan isa a daidai lokacin da 'ya'yansa za su ƙyanƙyashe su tarad da ita. Amma da sanyin ƙasar Holan ya soma wucewa da wuri, itatuwa suka riƙa toho da wuri, tsutsa ma ta bi su. Tsuntsun yana nan wajenmu, ba shi da hanyar sanin abin da ke faruwa can. Ya ɗan matso da lokacin saka ƙwai, amma bai isa ba. Masu ƙidaya sun tarar cewa daga 1987 zuwa 2003, a dazuzzukan da tsutsa ta fi fitowa da wuri, tsuntsayen nan sun ragu da kusan kashi 90 cikin 100. A inda tsutsa ba ta yi sauri ba, raguwar kaɗan ce. Irin bai ƙare ba, yana nan da yawa a waɗansu wurare. Amma ku lura da wannan abin tausayi. Tsuntsun ya kiyaye lokacinsa kamar yadda Irmiya ya yaba wa tsuntsaye, ya zo ya tarar lokacin ne ya gusa.

Na biyu wani ɓera ne da ya zauna a wani ɗan tsibiri mai suna Bramble Cay, a teku tsakanin Ostareliya da Niyu Gini. Tsibirin bai wuce eka 12 ba, tudunsa mafi tsawo wajen mita 3 ne bisa ruwa. Ba a san irin ɓeran nan a wani wuri a duniya ba sai nan. A 1978 akwai ɗaruruwansu. Amma teku yana ta hawa, domin ƙanƙara tana narkewa, ruwa kuma in ya ɗumama ya kan kumbura. Igiyar ruwan gishiri ta riƙa malale tsibirin, tana kashe ciyawar da ɓeran ke ci yana ɓuya a ciki. Daga 2004 zuwa 2014 kashi 97 cikin 100 na ciyawar ta ƙare. Ganin ƙarshe da aka yi wa ɓeran a 2009 ne. A 2014 masana suka tafi da tarkuna domin su kama waɗanda suka rage su kiwata su a wani wuri, ba su sami ko ɗaya ba. A 2019 gwamnatin Ostareliya ta sanar cewa irin ya ƙare. Ba shi da fiffike, ba shi da tudun da zai hau, jirgin ceto kuma ya iso a makare.

5. KASAWA DABAM, ƘI DABAM

Yanzu mu koma ga annabi. A sura 14 ya ba da labarin fari a Yahuda. Bayi sun tafi rijiya sun komo da tuluna wofi, ƙasa ta tsattsage, manoma sun rufe kai don kunya. Sa'an nan ya juya ga namomin jeji. Barewa ta haihu a saura ta bar ɗanta domin ba ciyawa. Jakunan jeji sun tsaya a kan tuddai suna haki, idonsu ya dushe. Duk maharbi ya san barewa ba ta yasar da ɗanta sai abin ya fi ƙarfinta. Irmiya bai ɗora mata laifi ba. A 12:4 ya faɗi inda laifin ya ke, ya ce dabbobi da tsuntsaye suna ƙarewa saboda muguntar mazauna ƙasar.

Wannan ita ce zuciyar darasinmu. Dorinar Gobero, da tsuntsun Holan, da ɓeran tsibiri, dukansu kasawa suka yi. Ba a ba su hankalin da za su karanta alamu, su yi shawara, su sake hali ba. Mutum kaɗai aka yi cikin surar Allah, aka ba shi kunnen jin gargaɗi da ikon juyowa. Mutanen Yahuda suna da Attaura, suna da annabi a ƙofar haikali, duk da haka aya 5 ta ce ƙi suka yi. Sau da yawa kuma ƙin mutum ne ya kan jawo kasawar dabba.

Haka ya ke har yau. Ɗumamar duniya ta fito ne mafi yawa daga hayaƙin kwal da man fetur da iskar gas, da kuma saran dazuzzuka. Yawancin hayaƙin nan daga ƙasashe masu arziki ya tashi, waɗansunmu da muka fito daga can ba mu da bakin musu. Amma kada wannan ya sa kowa ya wanke hannu, gama akwai abin da ke ƙofar gidanmu. Mu kan cinna wa daji wuta domin gafiya biyu, wutar ta cinye ƙwai da 'ya'yan itatuwa na eka ɗari. Waɗansu su kan zuba maganin ƙwari a rafi su kwashe kifi, manya da ƙanana su mutu tare, baɗi rafin ya zama wofi. Ana sare kaɗanya da ɗorawa domin gawayi ba a dasa madadinsu ba. Ku tambayi tsofaffi yawan ungulun da ke mahauta a dā. A 2015 aka sa ungulunmu na gari cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma masu sayen kanta da ƙwanta domin tsafi. Mai-bi da ya sa hannu cikin cinikin nan ya yi zunubi biyu, ya dogara ga tsafi, ya kuma hallaka mai share masa mushe.

6. KUSKURE BIYU DA ZA MU GUJE WA

Na ɗaya, kada mu ce duk garin da fari ko ambaliya ta faɗa wa, mutanensa sun fi sauran zunubi. Ubangijinmu ya hana wannan tunani a Luka 13:1-5, sa'anda aka ba shi labarin waɗanda suka mutu ba zato. Ya juya maganar a kan masu tambaya, ya kira su ga tuba. Sau da yawa wanda bai ci nanin ba shi nanin ta kan ci, kamar barewar sura 14.

Na biyu, kada wani ya ce darasin yana koya mana mu zama kamar hawainiya, mu sake bangaskiya duk lokacin da zamani ya sake. Manzo Bulus ya gargaɗe mu a Romawa 12:2 kada mu ɗauki kamannin zamanin nan. Maganar Allah ba ta tsufa. Juyawar da annabi ke nema komowa ce zuwa ga ƙa'idar Ubangiji. Abin da ya kamata ya sake shi ne al'adunmu da muka jingina a kansu kamar yadda Yahuda ta jingina ga ginin haikali. Mutum ya kan ce haka ubana ya yi farauta, haka kakana ya share gona. Gaskiya ne, amma a zamaninsu mutane kaɗan ne, daji kuwa da yawa. Wanda ya riƙe hanyar a yau, bayan daji ya ƙanƙance, ya zama kamar dorina a tafki mai ƙafewa, sai dai ita ba a yi mata gargaɗi ba.

7. AIKIN NUHU

Littafi Mai Tsarki bai bar mu da baƙin ciki kaɗai ba. Sa'anda ruwan tufana zai zo, Allah ya umurci mutum ɗaya ya shirya wuri domin kowane irin dabba, masu tsarki da marasa tsarki, masu amfani gare shi da waɗanda ba zai taɓa ci ba. Bayan ruwan kuma alkawarin bakan gizo ya haɗa da kowane mai rai (Farawa 9:8-17). A cikin shari'ar Musa akwai 'yar doka a Kubawar Shari'a 22:6-7, cewa wanda ya sami sheƙa ya iya ɗaukar 'ya'yan, amma ya saki uwar. An yarda mutum ya ci, an hana shi ya yanke iri.

Irin aikin nan yana yiwuwa a yau. Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma, wanda aka zana a dutsen Dabus, ya taɓa yawo daga Senegal har Tafkin Chadi. Farauta da saran daji da farin shekarun 1970 da 1980 suka kusa gamawa da shi. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage, a ƙasar Kure, gabas da Yamai. Gwamnatin Nijar ta hana kashe su, mutanen ƙauyuka kuma suka yarda su zauna da su ko da su kan taɓa musu wake a gona. Cikin shekara 25 suka haura 600. A 2018 aka ɗebi takwas aka kai su dajin Gadabeji a jihar Maraɗi, domin kada dukan irin ya kasance a wuri ɗaya. Raƙumin dawa bai sake halinsa ba. Mutanen da ke kewaye da shi ne suka sake nasu.

Bambancin Kure da Bramble Cay lokaci ne. Nuhu ya sassaƙa jirgi tun sama tana garau. A ƙarshen sura 8 ta Irmiya, aya 20, muna jin kukan mutanen da suka farga bayan kaka ta wuce, ceto bai zo ba. Gargaɗin nan ya shafi daji da rafi, ya kuma shafi ran kowane ɗayanmu. Akwai ranar da ƙofa ta kan rufe.

Bulus ya ce a Romawa 8:19-22 dukan halitta tana nishi kamar mace mai naƙuda, tana jiran ranar da za a 'yantad da ita tare da 'ya'yan Allah. Yesu Kristi ya mutu ya tashi domin ya sulhunta abu duka ga Uba, shi ne kuma ya ce ko gwara ba ta faɗuwa ƙasa ba da sanin Uban ba. Zuciyar da ta ƙi juyawa ba ta iya juya kanta, amma ta bakin Irmiya ɗin nan Allah ya yi alkawarin rubuta shari'arsa a cikin zuciya (31:33). Wanda ya karɓi sabuwar zuciya daga wurin Mai-ceto, za a ga alamarta a gidansa, da kasuwarsa, da yadda ya ke bi da gonarsa da dajin garinsu.

TAMBAYOYI

1. A Irmiya 8:4-7, waɗanne misalai annabi ya kawo? Mene ne kowannensu ke nuna wa Yahuda?
2. Faɗi hanyoyi uku da halittun Sahara suka bi sa'anda ruwa ya janye.
3. Don me sauro ya fi giwa da ungulu saurin sabawa da sabon hali?
4. Waɗanne namomi, ko tsuntsaye, ko kifaye, ko itatuwa ne tsofaffin garinku suka sani waɗanda ba a ganinsu yanzu? Me ya kore su?
5. Mene ne bambancin kasawa da ƙi? A cikin rayuwarka, ina ka ke cewa "ba na iyawa" alhali kuwa ƙi ka ke yi?
6. Yaya za mu amsa wa wanda ya ce tun da duniya za ta shuɗe, ba ruwan mai-bi da daji?

AIKIN MAKO

Kowace ƙungiya ta zaɓi abu ɗaya da za ta kai gaban dattawan ekklesiya da mai-gari kafin rani ya shiga, ko yarjejeniyar hana ƙunar daji, ko hana zuba magani a rafi, ko dasa itatuwa a filin majami'a tare da sunan wanda zai riƙa ba su ruwa. A kawo labari a taro mai zuwa.

ADDU'A

Ya Ubangiji Allah, Mahaliccin sama da ƙasa, kai ne ka koya wa shamuwa hanyarta, ka ba gaiwa mafaka cikin laka. Mun shaida a gabanka cewa mun ji gargaɗi mun ƙi juyowa, halittunka kuma sun sha wahala ta dalilinmu. Ka gafarta mana saboda Ɗanka. Ka juyo da mu, mu kuwa za mu juyo. Ka ba mu idon ganin alamun lokaci, da hannun da zai kiyaye abin da ka danƙa mana, tun ƙofa tana buɗe. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.